Kati Ɗaya, Mata Uku

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan azahar, Anacha

Yau wata huɗu da rabi rabona da gida. Na baro Gehuru bayan Sallar layya gero bai kai taƙi ba, yanzu an ce har an yanke an ɗaure. Shekara takwas ke nan ina wannan rayuwa. In zo Kurmi in duƙa a rumfar maigidana Alhaji ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau, in koma gida kamar baƙo, yara suna ɓuya bayan uwarsu. Kowace shekara sai in ce ta bana ce ta ƙarshe, da na haɗa kuɗin injin ban ruwa zan zauna in noma tawa albasar a fadama. Bana kam saura kaɗan.

Ɗazu Yaya Ya'ƙub ya kira ni. Shi ya kira, da katinsa, mutumin da tunda ya sayi waya bai taɓa wuce filashin ba. Tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba.

"Attahiru, iyalinka ba ta jin daɗi. Mun kawo ta Jega."

"Mi yas same ta, Yaya?"

"Jiki na."

"Wane irin jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, ya kashe.

Litinin, magariba

Na kira ya fi a ƙirga. An ce da sauƙi.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Ba a ɗaukar mai sauƙi daga Gehuru a kai shi Jega. Mutanenmu sai jiƙo ya gaza, mai kemis ya gaza, sannan a nemi mota.

Bara ma haka aka yi. Da matata Shafa'atu ta haifi Imrana, ko arba'in ba ta yi ba ta kumbura tun daga ƙafa har fuska, ba ta iya barci sai a jingine. Ina nan Anacha, Yaya ne ya kai ta asibiti. Na tambaye shi abin da likita ya ce, ya ce wai ta bar kunun kanwa da wankan jego, ta rage gishiri. Na aika da kuɗin magani, har Sallar bara ban je gida ba don kuɗin motar can ya tafi. Da na je bana na iske ta garau, tana daka tana surfe, Imrana yana gudu a tsakar gida. Na ɗauka an wuce wurin.

Ina so in ji muryarta, amma ko an ba ta wayar me za ta ce? Wayar Yaya ita kaɗai ce a gidanmu, kuma tun da ta faɗa cikin bokiti ba a jin mai kira sai an sa ta a sifika. In na kira, Yaya ya tsaya bakin zaure ya miƙa a kai ciki. Inna tana zaune, Adama matar Yaya tana bakin murhu, yara sun yi da'ira.

"Ina kwana, Malam."

"Lahiya lau. Ƙaƙa yara?"

"Lahiya lau."

"Akwai hatsi?"

"Akwai."

Hirarmu ke nan ni da matata, shekara biyu.

Laraba, 5 ga wata, la'asar

Ƙanwata Rabi da ke aure a Maiyama ta iso asibitin. Ita tana da wayarta. Ta fita can bakin ƙofa ta kira ni.

"Yaya, kana tsaye ko kana zaune?"

"Ke dai hwaɗi."

"Juna biyu gare ta. Wata biyat."

Na riƙe albasa a hannu, ban san lokacin da na matse ta ba sai da ruwanta ya bi mini gwiwar hannu.

Ta ce ƙafafunta sun zama kamar turmi, numfashi sai ta yi kokawa da shi, an sa mata abin iska a hanci. Na ce Inna ta sani? Ta ce Inna ta gane tun cikin yana wata uku, amma ta ce ba a faɗar ciki a waya, ido da baki sun yi yawa.

Wata biyar. Gida guda sun sani, maƙwabta sun sani, mai cikin ne kaɗai bai sani ba. Ni dai a aiko mini a ce hatsi ya ƙare, a ce rufin ɗaki yana yoyo. Wannan ake gaya wa ɗan Kurmi.

Laraba, bayan magariba

Na kira Yaya. Da sauƙi.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta yadda Rabi ta faɗa.

Likitan da ya duba ta bara shi ne ya zagayo yau. Yana ganinta ya gane ta. Ya juya ya ga Yaya a bakin ƙofa, ya ce ba kai ne ka kawo ta wancan karon ba? Ba kai na ja gefe na ce zuciyarta ta yi rauni, kada ta sake ɗaukar ciki, in ta ɗauka yana iya tafiya da ita? Ba ka ce mini kai yayan mijin ne, za ka gaya masa ya kawo ta a yi mata tazarar haihuwa ba?

Rabi ta ce Yaya ya sunkuyar da kai, gaban mata, gaban kowa.

Gishiri. Saƙon da ya iso ni ke nan. An ba shi saƙon rai ya kawo mini na gishiri.

Juma'a, 7 ga wata, bayan an sauko

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tunda aka haife ni. Yau na ɗaga, kuma na san duk wanda ke kusa da shi ya ji, tunda wayar tasa ba ta san sirri ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Attahiru, ka ji kanka kuwa? Ni, yayanka, in kira ka in ce ga yadda za ka yi da matarka cikin ɗaki? Da wane baki? Matar da ko gaisuwa sai ta bayan zana muka yi? Sau nawa nika ɗauko maganar, ta zo nan ga maƙogwaro ta tsaya."

"Sai ka bari ta mutu don kunya?"

"Rai ga Allah shike. Haihuwa ma Shi ka ba da ta, ba likita ba. Ni wanga abu na tazara ban yarda da shi ba, kai ma ka sani."

Na kashe.

Ina jin haushinsa har cikin haƙorana. Amma in zan faɗi gaskiya, shi ya goya ta a babur bara cikin rana, shi ya kwana a barandar asibiti har aka sallame ta, kuma yau Rabi ke gaya mini tumakinsa biyu ya sayar wancan karon bai taɓa faɗa mini ba. Mutum ya ba ka tumakinsa ya hana ka magana ɗaya. Ban san inda zan ajiye shi a zuciyata ba.

Asabar, 8 ga wata, azahar

Alhaji ya yarda in tafi, bayan ya gama lissafa mini irin asarar da zan ja masa. Bala direba zai koma Aliero gobe da tirela babu kaya, ya ce in hau.

Rabi ta sake kira. Muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce wata ma'aikaciya ta tambayi Shafa'atu ko tana shan wani magani kafin cikin, ta ce tana shan ƙwaya. Ƙwayar hana ɗaukar ciki.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Matata. Wadda ko kasuwa ba ta zuwa. Wa ya ba ta? Da wane kuɗi? Tun yaushe? Wani tunani ya zo mini, irin wanda Shaiɗan ke kawo wa mutumin da ke nesa da gida. Ba zan rubuta shi ba. Na yi alwala na yi istigfari. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa ganin abin zargi gare ta ba, kuma lissafin watannin ya faɗa daidai kan zuwana Sallah.

To in tana sha, cikin daga ina?

Lahadi, 9 ga wata, da rana, a hanya

Mun wuce Lakwaja. An ce da sauƙi.

Litinin, 10 ga wata, la'asar

Tirela ta lalace kafin Kwantagora. Tun hantsi muke ƙarƙashin wata ɗorawa muna jiran bakanike. Na kasa riƙe abin a ciki, na gaya wa Bala. Na zaci zai riƙe baki. Sai ya tofar da goro ya ce shi da kansa ya kai tasa matar aka sa mata ashana, wato 'yar robar nan kamar tsinken ashana da ake sakawa a damtse don tazarar haihuwa.

"Ni tirelag ga ma in na taso daga Aliero sai na kashe ta ta huce," in ji shi. "Ƙarhe ke nan. Balle ɗiyar mutane."

Na ce malamai fa? Ya ce ya tambayi limamin garinsu, ya ce in don lafiyar uwa ne babu laifi, tsoron talauci ne ba a so a sa a gaba.

Shekara huɗu ina shiga motar Bala. Mun yi hirar ƙwallo, ta siyasa, ta farashin buhu. Wannan ba mu taɓa yi ba.

Talata, 11 ga wata, kafin azahar

Muna Koko Rabi ta kira. Abin da ya faru da safen nan ba zan rubuta shi ba.

Uwar tana numfashi. Namiji ne, in ji Rabi. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Yaya ya naɗe shi a ƙyalle ya tafi da shi gida.

Mun ratsa Maiyama ana ta shanya barkono a bakin titi, mutane suna ciniki kamar ba abin da ya faru.

Laraba, 12 ga wata, da safe, Jega

Na gan ta jiya da yamma. Na wuce gadonta ban gane ta ba, sai da Rabi ta jawo mini riga.

An jingine ta da matasai uku. Fuskar ta cika har idanun sun shige, leɓunanta sun yi fari. Da ta gan ni sai ta fara ƙoƙarin jawo mayafi ta rufe kai, wai ta gaishe ni yadda aka saba. Hannun ya kasa kaiwa.

"Sannu da hanya, Malam."

Ita ke yi mini sannu.

Duk maganganun da na jera tun daga Anacha, na faɗa da na tambaya, babu wadda ta fito. Na ce, "Ƙaƙa jikin?" Ta ce, "Da sauƙi."

Likita ya ce ana cire ruwan da ya taru a jikinta da allura, zuciyar kuma sai a hankali, mai yiwuwa ta sha magani har iyakar ranta. Ya dube ni ya ce kai ne mijin na gaske? Na ce ni ne. Ya ce to ka ji da kunnenka, babu ɗan aike yau. Wani cikin kabari ne.

Na ji.

Alhamis, 13 ga wata, la'asar

Adama ta kawo abinci daga Gehuru. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ba ta ganina ba ta ce ga ɗan Kurmi mai warin albasa ba. Yau ba ta ce ba. Ta ce in zo gindin dogonyaro tana da magana.

Ta kwance haɓar zanenta ta fito da katin ƙwaya, rabinsa an ɓalle.

"Ni nib ba ta. In za ka tsine, ni za ka tsine ma."

Ta ce ai Shafa'atu ta ji abin da likita ya faɗa bara, labule ne kawai tsakaninsu. Ta dawo gida ta yi ta jira in yi mata maganar a waya ko in aiko, shiru. Da azumi ya wuce aka fara cewa ina tafe Sallah, sai ta daina barci. Adama ce ta same ta tana kuka a bayan rumbu.

"Sau biyu muna zuwa ɗakin shan magani. Ranar rigakahi muka tahiya da goyon Imrana, don kada Inna ta ce ina za mu. Malamar tac ce ita ba ta sa ma mace ashana sai miji ya zo, ko shi yi magana ta waya. Wai wani ya taɓa zo mata da sanda don an sa ma matatai bai sani ba, had da hwasa taga. Tun ran nan ta rantse."

"To ai da kun kira ni."

"Da wace waya? Ta yayanka mai shela? Ta tsaya tsakar gida gaban Inna ta ce, Malam, ka yarda a sa min abin hana haihuwa? Kai ma dai, Attahiru."

Sai suka koma ga ƙwaya. Adama takan yi gabu, ta daka ganyen albasa ta dunƙula ta shanya ta ba da a kai kasuwa, da kuɗin ne take sayen kati a wurin wani mai tallar magani a Jega. Kati ɗaya su uku suke rabawa, ita da Shafa'atu da wata maƙwabciyarmu da mijinta ke kai raguna Ikko. Kowace ta haɗiyi guda ranar da mijinta zai shigo ɗaki.

Na ce haka mai maganin ya ce a sha?

"Shi cewa yay yi kullum a sha guda, ko miji na nan ko ba shi nan. Nic ce kullum? Mace mijinta na Kurmi wata goma sha ɗaya, ta yi ta haɗiyar magani don wa? Ai ɗan kasuwa na, so shikai kati ya ƙare mu dawo. Ko maganin ciwon kai sai kai na ciwo aka shan shi. Kuma ni shekara ukku haka nika yi, ban ɗauka ba."

Ni da na yi makaranta har aji uku na sakandare, wallahi da ni ta kawo wa wannan lissafin da na ce daidai ne.

Sannan abin da ta faɗa na ƙarshe ya iso kunnena. Shekara uku. Matar Yaya.

Ta ga na gane. Ta ce, "Bakwai na haihwa mishi, na ƙarshen sai da anka ƙara min jini. In yaj ji wagga magana, gidanmu za ni."

Na ce daga bakina ba zai ji ba.

Na yi kwana bakwai ina zagin Yaya don ya riƙe magana a ciki. Ga ni yau na ɗauki tawa.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi, Gehuru

Na zo ganin yara. Babbar ita ke dafa musu abinci, shekararta goma. Haidar da Amira sun zo sun gaishe ni daga nesa. Imrana ya ƙi yarda in ɗauke shi.

Yaya ya nuna mini inda ya binne jaririn, da hannu, daga bakin hanya. Ƙaramin tudu ne, an ɗora ƙaya.

Inna tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na gaya mata duka, ban da sunan Adama.

"A zamaninmu," in ji ta, "mace ta haihu sai ta tahi gidansu, ba ta dawowa sai ɗa ya yi ƙahwa an yaye shi. Shekara biyu cur. Ku kunka ce tsohon yayi na, kunka kashe shi, ba ku aje komi a gurbinai ba."

Na ce, "Inna, da ta zo ta gaya miki tana son a sa mata abin nan, kin yarda?"

"Da na yi hwaɗa. An ce shina bin jini shi ɓace, mace ta bushe." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Amma da na san abin da likita yac ce, da ranar da kaz zo Sallah a zaure ka kwana, ko da sanda ta. Tara na haihwa, huɗu ka raye. Wa za ya koya min abin da ciki ka yi ma mace?"

Ita ma ba wanda ya gaya mata. Ɗanta na fari ne ya riƙe saƙon, shi da ko sunansa ba ta faɗa.

Lahadi, 16 ga wata, azahar

An cire abin iskan. Ta sha kunu rabin kofi.

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar, Jega

Yau ta iya zama a baranda. Idon sawunta ya fara fitowa. Rabi ta ba mu wuri.

Na ce ba faɗa zan yi ba, tambaya ɗaya ce. Na yi kusan mako biyu a gida, ɗaki ɗaya muke kwana, babu waya babu sifika. Me ya hana ta gaya mini?

Ta yi ta murza bakin mayafi. Can ta ce, "Washegarin da kaz zo, kuna cin nama a tsakar gida, rediyo na maganar tazara. Yaya yac ce a kashe. Kai kuma kac ce ai masu jajayen kunne ka son mu ƙare. Kowa yay yi dariya. Maganar tana bakina ran nan, Malam. Sai nih haɗiye ta."

Na tuna naman. Maganar kuwa sai da ta faɗa sannan ta dawo mini. Ban ma san ko na yarda da ita ba, a rumfa na ji ana faɗa, na faɗa don Yaya ya ji daɗi.

Ta ce kuma ta ji tsoro. Namiji ya yi shekara biyu a waje ya dawo, a tare shi da cewa matarsa mai ciwon zuciya ce, haihuwa ta ƙare mata. Ta ga yadda ake yi da irinsu. Tunda ga ƙwaya a hannu, sai ta ɗauka ta tsare kanta ba tare da ta ɓata wa kowa rai ba. Da wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, ta san me ke tafe, ta yi shiru tana ƙirga kwanakinta.

Wata huɗu tana zaune da mutuwa a ciki, ina kira ina tambayarta ko akwai hatsi.

"Ka yahe min ɗan," in ji ta.

Na tashi na tafi wajen famfo na daɗe ina wanke fuska.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

Likita ya ce kafin sallama a sa mata ashanar. Ƙwaya irin ta Adama ma, ya ce, ko da ta sha ta daidai ba ta dace da mai irin ciwonta ba.

Na bi ta har ɗakin da ake sawa. Mata sun fi talatin a kan benci, ni kaɗai ne namiji. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, kai ma awon za a yi maka?" Aka kwashe da dariya. Na ce awo, Inna, wata tara gare ni.

Ma'aikaciyar, Malama Husna, ta ce me ke tafe da ni. Na ce na zo in faɗa da bakina na yarda, kada a ce sai an nemo ni. Ta ce ai a ƙa'ida yardar mai jikin ake nema, amma na ƙauye su kaɗai ne a wurin, ba mai tsare su in miji ya zo da fushi, shi ya sa suke kare kansu. Ta nuna mini abin a tafin hannunta. Na tambayi batun bin jini. Ta ce yana nan inda aka sa shi, in taɓa in ji duk ranar da na so, al'ada dai tana iya rikicewa, in abin ya dame ta ta dawo.

Lokacin da aka ɗauka ana sawa bai isa in tsince rabin buhu ba. Na ciro kuɗi, ta ce kyauta ne.

Kyauta ne. Na fito ina ta maimaita shi kamar taɓaɓɓe. Abin da rashinsa ya ci ɗana, ya kusa cin matata, ya cinye injin ban ruwa, ga shi tsinke guda, kuma kyauta.

Adama ce ta rako mu riƙon jaka. Da muka fito ta ce ta manta mayafin Shafa'atu a ciki. Ta daɗe. Da ta fito mayafin yana kafaɗar Shafa'atu tun ɗazu, ita kuma ta manne hannun hagu a jikinta. Na juya ina kallon masu sayar da lemo. Ban ga komai ba.

Asabar, 22 ga wata, magariba, Gehuru

Mun dawo gida. Na gaya wa Yaya abin da aka sa mata, a zaure, ido da ido. Ya ce, "Iyalinka ta." Ya tura mini kwanon tuwo.

Talata, 25 ga wata, bayan azahar, Aliero

Ana yi wa motar Bala lodi. In an gama za mu kama hanya. Ta ko'ina fadama ta yi kore, injuna sai ƙugi suke yi, kowa yana dashen albasarsa. Ban tsaya kallo ba.

Jiya na shiga kasuwar Jega na sayi ƙaramar waya ta hannu, na gwada ta sau uku a gaban mai shagon, na tabbatar ba a jin maganar sai an kara a kunne. Inna ta ce matar aure da waya, duniya ta zo ƙarshe. Na ce eh, Inna. Na koya wa Shafa'atu inda za ta danna.

Maganinta na wata-wata ba kyauta ba ne, saboda haka Kurmi ba ta rabu da ni ba. Alhaji zai ce na daɗe.

Na zauna a kan buhu na duba abin da ya rage mini. Na zo da naira dubu ɗari uku da goma. Saura dubu goma sha tara, a ciki zan ci abinci a hanya. Injin ban ruwa, babu. Hatsi zai kai su watan azumi. Maganin wata biyu yana cikin kwalla a ɗakinta. Yara huɗu. Mata ɗaya, da ƙafarta ta rako ni har bakin zaure. Waya ɗaya, tana hannunta.